Ƙaho Shida a Bayan Yayana

A gidanmu ba a yarda mutum yana ciwon baya sai an ga jininsa. Baba ne ya kafa wannan doka, kuma abin da Baba ya kafa a gidan nan ko gara ba ta cinsa. Ƙauyenmu yana tsakanin Isa da Sabon Birni, kowa manomi ne, gero a tudu, dawa a gangare, kuma duk wanda ya yi wata biyu a sunkuye kan hauya dole kwankwasonsa ya yi magana. Maganin da muka sani shi ne ƙaho. Ba zan yi wa ƙaho butulci ba, yana aiki. Na sha ganin mutum ya zo a tanƙware ya tashi yana miƙa.

Wanzamin gidanmu tsoho ne daga wajen Bafarawa, gadon gidan ya yi, ubansa ne ya yi wa kakanmu aski. Shi ya cire mana beli, shi ya yi mana kaciya, shi ya zana mana zanen Gobirci a kumatu. Duk shekara kafin ruwan shuka sai ya zo da zabirarsa ranar sha bakwai ga wata, da hantsi, a kife turmi a ƙarƙashin bedin ƙofar gida, wato itacen dogon yaro. Baba ya tuɓe riga ya zauna a kai, ya sunkuya ya rungume gwiwoyinsa. Tsohon ya shafa ruwa a wurin, ya kafa ƙahon saniya, ya zuƙe iskar da bakinsa, ya toshe ƙofar da ɗan danƙon da yake taunawa. In fata ta kumburo sai ya cire, ya tsattsaga da aska, ya mayar, ya sake zuƙa. Daga nan kuma sai hira. Baba mutum ne mai son baki, ba a cire ƙahonin sai labari ya ƙare, kuma labarin duwatsun wuya da kakansa ya tono a kufan Alkalawa ba ya ƙarewa da wuri. In an juye a kasko sai jinin ya faɗo guda guda, baƙi ƙirin kamar hanta. Baba ya tsokane shi da tsinke ya ce, "Kun ga gajiyar shekara." Alfahari yake da wannan jini, har maƙwabta yake kira su gani.

Mu biyu ne maza a wurin Baba, ni da Yaya. Ya girme ni da shekara bakwai, yana da mata da 'ya ɗaya, bai taɓa shiga aji ba, kuma gonar gidan a wuyansa take tun ina firamare. Da yake ɗan fari ne, Baba da Inna suna kunyarsa, ba sa kiran sunansa, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane. Baba "wancan" yake ce masa. Inna ko zazzaɓi yake yi ba ta leƙa ɗakinsa, sai dai ta aiki wani. Ni kuwa ɗan lele ne. A shekarar da nake magana na gama sakandare a Isa, takarda ta zo mini ta kwalejin horon malamai a Sakkwato, za a fara karatu da kaka. Baba ya juya takardar a hannunsa, duk da ba ya karanta ta, ya ce, "Gona ba ta rasa hannu biyu. In wancan shina tsaye, ka tahi. In ya kwanta, kai ka ɗaukar hauyatai." Na ce na ji. Ban damu ba, domin ban taɓa ganin Yaya a kwance da rana ba.

Tun rani ya fara kama baya. Ba mai ƙorafi ba ne, a tafiyarsa aka gane. Ya daina sunkuyawa, in abu ya faɗi sai ya lanƙwasa gwiwa ya dafa cinya, bayan nan a sandare, ya ɗauka. Da yamma jikinsa ya yi zafi, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da wanzami ya zo a bazarar, bayan an gama da Baba, sai Baba ya nuna turmi da haɓa ya ce, "A yi ma wancan, mu gani."

Ƙaho shida aka kafa masa, uku a kowane gefe. Kafin ya kafa, na ga tsohon ya bi tsakiyar bayan da babban yatsa, ya zo wani wuri ya danna, Yaya ya zabura. Tsohon ya tsaya jim, sa'an nan ya kauce wa wurin. Zaman sunkuye kuwa ya gagari Yaya. Ko rabin lokacin da Baba yake yi bai yi ba gumi ya karyo masa, ya ce a hankali, "Baba Wanzam, cire, ba ni iyawa." Aka cire, aka juye a kasko. Jinin ya kwarara ja wur, ruwa-ruwa, ko guda ɗaya babu.

Baba ya leƙa, ya kira maƙwabtan da suke zaune. "Ku zo ku duba. Jini ja awa na kaza. Ina cutar take? Wanga jini na mai lahiya na. Ja na, ƙyuya ta kawai. Tashi ka tahi gona."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Kuma ina dariyar na san abin da ya faru. Na yi karatun sakandare, na san jini in ya jima a waje yana daskarewa ya yi duhu. Na Baba baƙi ne don yana iya zama a turmi har labarin Alkalawa ya ƙare. Na Yaya ja ne don ciwon bai bar shi ya zauna ba. Tsananin ciwon ne ya ba da shaidar cewa ba shi da ciwo. Da na buɗe baki na faɗi haka a gaban mutane da Baba ya ci mutuncina, shi ya sa na yi shiru, kuma wannan shirun ina iya yafe wa kaina. Na gaba ne ba na iyawa.

Ranar kasuwar Isa ce, aka ce in kai tsohon a babur. Mun wuce ƙauye biyu ba ya magana, sai da muka zo wani kwazazzabo inda babu kowa ya taɓa kafaɗata.

"Tsaya nan, ɗana." Na tsaya, ya sauka yana gyara zabira. "Kai ad da karatu, kai za ni hwaɗa ma. Ciwon yayanka ba na jini ba na. Na aza yatsa bisa ƙashin bayanai, na ji ƙulli awa ɗan goro, kuma wurin da zahi. Ƙaho ba shi kai ga ƙashi. Ku kai shi asibiti Sakkwato tun shina tahiya da ƙahwahunai."

Na ce, "To don mi ba ka hwaɗa ma Baba ba?"

"Maigida ya yanke magana gaban jama'a, ni wanzami in tashi in ƙaryata shi ƙohwar gidanai? Tun ba a haihe ka ba nike cin tuwon gidanga, ban taɓa ba. Kai ɗan gida, kana shiga inda ba ni shiga. Ka same shi shi ɗai, bayan ya ci abinci, ka hwaɗa mai a hankali. Saƙo na, na ba ka."

Na ce in Allah ya yarda. Na sauke shi a bakin kasuwa na juyo. A hanyar dawowa na gama shawara da zuciyata, kuma ba ta wahalar da ni ba. In aka kai Yaya asibiti ya kwanta ke nan, in ya kwanta hauyarsa tawa ce, takardar Sakkwato kuwa sai dai a naɗe ƙosai da ita. Na ce wa kaina wata huɗu ne kawai, in na shiga makaranta na kafu sai in faɗa. Na ce tsohon ba likita ba ne, ƙila ma ƙari ne na banza. Na ce Yaya ƙaƙƙarfa ne. Dalilai dai ba su yi mini ƙaranci ba, kafin in iso gida na tara fiye da bukata.

Na tarar da Inna tana bakace a tsakar gida. Ba ta ɗago ba, idonta a kan faifai, ta ce, "Mi tsohon yac ce game da babbanku?"

Wannan tambaya ta ci mata kunya mai yawa, na sani, domin ban taɓa jin ta tambayi lafiyarsa da bakinta ba. Na ce, "Ya ce lahiya lau, Inna. Gajiya ta."

Ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da bakace. Can ta tura mini wani ƙoƙo da ƙafa, jiƙon saiwoyi ne da ta haɗa tun jiya. "Kai mai. Kak ka ce ni nab ba ka." Na kai masa na ce ni na nemo masa, ya yi mini godiya.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Shuka da sauƙi, a tsaye ake sara da sungumi. Noman farko ne ya tona asiri. Yaya ya koma noma a durƙushe, yana jan gwiwa a kunya, mu muna kai ƙarshen gona shi yana tsakiya. Baba ba ya duka, bakinsa ya ishe shi. Yakan tsaya a kansa ya ce da iska, "Wasu sun iske gona da gwiwa, sai su roƙe ta ta noma kanta." Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai na zama zakaran tsokana. In ka san gaskiya kana ɓoyewa, kana bukatar kowa ya yarda da ƙaryar fiye da yadda suke bukata. Na riƙa kwaikwayon tafiyarsa, hannu a ƙugu, ciki a gaba, in tambaye shi a gaban samari, "Yaya, yaushe za a haihu? Mu shirya ragon suna?" Suka ɗauka, har mata a bakin rijiya suka ji. Matarsa ta daina zuwa ɗiban ruwa sai rana ta take, lokacin da babu kowa.

Bai taɓa ramawa ba. Sau ɗaya dai muna hutawa a gindin gawo, ya ce mini, "Ƙanena, kai da kay yi karatu, akwai ciwon da ba shi hitowa ga jini?" Na ce ban sani ba, ba a koya mana wannan ba. Ya gyaɗa kai ya miƙo mini gorar fura, ya ce in shanye, shi ba ya jin yunwa.

Da aka shiga maimai abin ya ƙaru, har ƙafarsa ta hagu ta fara ja. Baba ya aika a kira wanzami a sake gwadawa, wai ko jinin ya canja. Ni na taro tsohon a bakin gari. Tun bai sauke zabira ba ya ce, "Ka isar?" Na ce, "Na isar. Ya ce a bari sai an yi girbi." Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "Maigida shi ya san gidanai." Ranar ya kafa ƙahonin nesa da ƙullin, wanda yanzu ko daga inda nake tsaye ina ganinsa, ya yi tsaga sama-sama kamar mai jin tausayin askar. Yaya ya cije ya daure, amma bai kai ko'ina ba. Jinin ya sake fitowa ja.

Da magariba aka kawo tuwo zaure, inda mu maza uku muke ci a akushi ɗaya tun ina yaro. Yaya ya wanke hannu. Baba ya jawo akushin gabansa ya ce, "Tuwon ga na masu noma na. A kai ma wancan nashi cikin gida, ya ci da mata." Yaya ya zauna da jiƙaƙƙen hannu na ɗan lokaci, sa'an nan ya dafa bango ya tashi ya shiga. Na ci tuwona, har na ci inda yake ci, wajen da miya take taruwa.

Gero ya nuna, na haɗa akwatina. Yaya ne ya raka ni bakin hanya inda ake tsayar da motar Isa, yana jan ƙafa, ya hana ni ɗaukar buhun garin da Inna ta haɗa mini, wai kada in ɓata rigata. Ya ce, "Ka yi karatu da kyau. Gona ta ishe mu." Na shiga mota ina murna, ba zan ce ban yi ba.

Sati uku da tafiyata wani direban garinmu ya same ni a ƙofar makaranta. Ya ce ana kwasar damman gero zuwa rumbu, Baba ya ce tunda wancan ba ya iya yanka a sunkuye, to ya yi dako a tsaye. A dami na huɗu ya zube a kan hanya, damin a kansa. Da aka ɗage, ya ce ba ya jin ƙafafunsa. Ƙyauren ɗaki aka ciro aka ɗauko shi a kai, suna asibiti nan Sakkwato tun jiya.

Likitan ba Bahaushe ba ne, ni na zama tafinta. Ya ɗaga hoton ƙashin a hasken taga ya nuna inda ƙashi biyu suka rube suka haɗe. Ya ce ƙwayar cutar tarin fuka ce ta shiga ƙashin baya ta cinye shi. Ya tambaye ni ko babu wanda ya lura da ƙullin nan, ai ya daɗe. Ban juya wa Baba tambayar ba, na amsa da kaina na ce babu. Sa'an nan ya ce da an kawo shi farkon damina, da ƙwayoyin magani kawai sun isa, da yanzu yana tafiya. Wannan kam na juya wa Baba ita kalma da kalma, ban rage komai ba, domin na san inda za ta sauka.

Baba ya zauna a ƙasa, a dandamalin asibiti, ya cire hula. Can ya tashi ya je bakin gadon ya kira Yaya da sunansa. Ranar ce na fara jin sunan a bakin Baba, kuma ya fito masa a karkace kamar ba yarensa ba. Yaya ya juya fuska wajen bango.

An kashe cutar, ƙafafu ba su dawo ba. Baba bai ce in bar makaranta ba, ya ce wanda ya tafi ya tafi, ya koma gona da kansa da tsufansa, da gayya, da surukai. Bai ƙara zama a turmin nan ba har ya rasu, bayansa ya yi ta ciwo yana ƙin ƙaho. Ya mutu yana ganin shi kaɗai ya karya ɗansa, kuma ina zaune a gefensa lokacin, ban sauke masa ko rabin kayan ba. Inna ta bi shi bayan shekara biyu, ita ma da maganar da na faɗa mata ranar bakace.

Yaya ya koma zaure yana tufkar igiya da saƙar tabarma. Tsohon wanzamin ya ci gaba da zuwa yi masa aski duk bayan sati biyu, su biyu a zaure suna hira, har tsufa ya kayar da shi. Ni tun daga lokacin a shago a birni ake yi mini aski. In mun haɗu da tsohon sai ya amsa gaisuwata da kyau, ya tambayi karatu, bai taɓa ƙarawa da komai ba. Na zama malami, na zama shugaban makaranta. Na saya wa Yaya keken guragu, na ɗauki 'yarsa na sa ta makaranta, garinmu har misali ake yi da ni wajen riƙon zumunci. Na saba da yabon, yana da daɗi. Na kuma tabbatar wa kaina cewa maganar kwazazzabo ta bi tsohon kabari.

Bara bayana ya kama. Zaman kujera ne da hawan babur, an yi hoto an ce babu komai a ƙashi. Na sha ƙwayoyi na gaji, da na je gida hutu aka ce ga ɗan tsohon nan ya gaji zabira, hannunsa da sauƙi. Shi ma yanzu furfura ta fara masa. Yana da kofunan roba na zamani da reza sabuwa a takarda, amma ya ce manya sun fi son ƙaho, na ce a yi mini da ƙaho. Aka kife turmi a ƙarƙashin bedin, na tuɓe riga na sunkuya na rungume gwiwa.

Ya kafa shida, ya tsaga, ya mayar. Sai na ji ƙarar keken Yaya a kan yashi. Ya turo kansa har gabana ya tsaya, ƙafafun nan sirara a naɗe cikin zane, igiya a cinyarsa. Kallona kawai yake. Ban taɓa sanin zaman turmi yana da tsawo haka ba. Gumi ya karyo mini, na ce wa wanzamin ya cire, ya ce ai bai yi ba tukuna, na ce ya cire dai.

Ya juye a kasko. Yaya ya miƙa wuya ya leƙa, ya daɗe yana dubawa.

"Ja na," ya ce.

Wanzamin ya yi 'yar dariya, ya ɗauka wasan wa da ƙane ne. Ya shiga goge mini baya yana cewa in an gama in ba da wanda zai raka shi bakin hanya, akwai abin da zai faɗa game da abincin da zan kiyaye.

Yaya ya ce, "A'a. In kana da magana bisa bayanai, hwaɗi nan gabanai, shi ji da kunnenai. Kak ka ba kowa saƙo. Gidanga ba a isar da saƙo, babanka ya sani."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma sake dubana ba. Ya juya keken da hannu ɗaya ya nufi zaure, tayar tana nutsewa a yashi yana turawa da ƙyar. Na yunƙura in tura shi, ya ce in bari, in zauna kada tsagar ta buɗe.